Marfin Kwanon Ya Fanna

Tun ɗazu nake kallonku kuna zungurar juna saboda marfin kwanon nan da ke ɗaure a goshin jirgi. Ku yi dariyarku a fili, ba ku ne na farko ba, kuma za mu zo kansa. Amma tunda kun ce kun zo ne in ba ku jirgi ku riƙa tura shi in damina ta sauka, ni kuma in koma inuwa in huta, to ku gyara zama a kan buhunan nan ku ji abin da kuke roƙo. Na san abin da kuka gani bara. Kun ga tsoho tsaye a bayan katako, ya soka gora ya tura, ya zare ya sake sokawa, ƴan mata suna shewa suna ɗaukar hoto da waya, sai kuka ce ai wannan ko makaho ya yi. Ni ma abin da na ce ke nan lokacin da nake kamar ku.

Ni Abdu ɗan manomin gero ne, jikan manomin gero. A zuriyarmu kaf babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti. Ku yanzu kun taso kun tarar da tabki ya zama wurin yawo, ga masu shayi, ga mai tsire, ga benci ƙarƙashin bagaruwa. A zamaninmu tabki na dabbobi ne da masu wanki da masu tubali. Ruwan sama ya gangaro daga tuddai ya taru a wannan kwari na Tarka, ya yi wata biyar ko shida, rana ta shanye shi, shi ke nan sai baɗi. Yaron da aka kama ya jiƙa wando a ciki kuwa, ranar sai ya gane kurensa. Shi ya sa duk sa'o'ina a garin nan, in ka jefa su a ruwa, sai dai ka je ka ɗauko su.

Jirgi ya zo garin nan ne ta dalilin kifi. Wata shekara wata ƙungiya ta zuba ƴaƴan kifi a tabki, ta ɗauko wani dattijo daga wajen Gaya ya koya mana su. Baba Ilo sunansa, Basarke ne, wato cikin mutanen da aka haifa a bakin kogi. Shi ya tsaya a kan wani kafinta a Damagaram har aka haɗa jirgin nan, aka ɗoro shi a kamyo, wato babbar mota. Ranar da aka sauke shi, har daga ƙauyuka aka zo kallo, wata tsohuwa ta tambaya ko makarar wa ce haka da tsawo. Kifin dai bai yi ƙarko ba. Tabki ya ƙafe, wanda ba mu cinye ba shamuwa da balbela suka ƙarasa, ƙungiya ta naɗe tabarmarta. Baba Ilo ya rage da jirgi ba kifi. Sai ya lura mutanenmu na nan Damargu ba kifin ne ya dame su ba, so suke a ɗora su a kan ruwa a kai su bagaruwa ukun can ta tsakiya a dawo da su, su samu abin faɗi a gida. Ni kuma a lokacin ina neman duk wata hanya da za ta raba ni da hauya. Na je na ce masa ina son aiki.

Aikina na farko kwarfe ruwa ne. Ƙwarya ya miƙo mini, ya nuna mini tsakiyar jirgi, damina guda cur ina durƙushe tsakanin ƙafafun mutane. Ban taɓa gora ba. Da rani ya shigo aka koma toshe ɓaraka: ka tsefe tsumma, ka cusa shi tsakanin katako da katako da bakin tsohuwar wuƙa, ka narka kwalta a gwangwani ka bi kai. Tabon nan na hannuna kwalta ce, ta ranar da na ce na iya. Sannan ka ja jirgi ƙarƙashin rumfar zana, ka rufe shi da buhuna kamar yadda kuka gan shi yanzu, duk kwana uku ka yayyafa masa ruwa. In ka yi sakaci wata ɗaya, ranar garin nan za ta buɗe shi har ka hango mutum ta cikinsa. Ruwan da ake layi a kansa a rijiya, shi nake ɗaukowa in shayar da katako. Mata suka sa mini suna mai kiwon jirgi.

Sau uku Baba Ilo ya gwada koya mini iyo, can bayan shingen lambu inda ba kowa. Na farko na sha ruwa har na ƙoshi. Na biyu na maƙale masa wuya, da ƙyar ya ƙwaci kansa. Na uku, ina ganin ya fara tuɓe riga sai na tuna an aike ni gona.

Washegari ya dube ni ya ce, "Abdu, kai dutse ne."

Na ce, "Baba, a rufa mini asiri."

"Asiri a rufe yake. Amma tunda ruwa ya ƙi ka, dole ka san ƙasar da yake kwance a kai. Mu can a kogi ba mu taɓa ganin gindin ruwanmu ba, lalube muke. Ku naku duk shekara sai ya tuɓe muku riga wata shida, amma ba mai zuwa ya duba."

Sai ya tsayar da ni jikin gora ya yi tsaga uku da wuƙa. Ku matso ku gani, duk gorar da na saya haka nake mata. Ta ƙasa gwiwata ce, ta tsakiya ƙuguna, ta sama ƙirjina. Ya ce inda duk ruwa ya shanye tsagar sama, nan ba hanyata ba ce. In na kiyaye wannan, ko jirgi ya kife, kowa zai miƙe tsaye ya taka ƙasa ya fita yana zagina, kuma zagi ba ya kisa.

To sana'ar ke nan, ita ce ba ku gani. Da bazara ake yin ta, da ƙafa. In tabki ya ƙafe ƙasa ta daddare, sai ka taka shi daga mashaya zuwa bagaruwa uku, daga nan zuwa mafitar gabas, ka dawo ta kudu. Domin tabki ba ya kwana yadda ka bar shi. Makiyaya suna haƙa gajerun rijiyoyi a cikinsa su shayar da dabbobi, su tashi su bar su a buɗe. Masu lambu suna bin ruwa yana ja da baya suna dasa kabewa da tumatir, in sun gama su bar shingen ƙaya da turaku. Masu tubali kuwa sun fi kowa, yau suna nan gobe suna can. Sau uku ake takawa: da ya ƙafe, da tsakiyar rani, sai kuma in hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ƙarshen nan shi ne babba. Duk ramin da ka gani ka kafa doguwar sanda a bakinsa ka ɗaura jan tsumma, yadda in ruwa ya rufe za ka hango shi. Shekara biyar ina bin Baba Ilo a baya cikin rana, mutane suna cewa mun haukace, muna neman jirgi a tudu. A ta shida ya ce ƙafafunsa sun gaji, yana son ya mutu yana jin ƙarar kogi. Ya bar mini jirgi da gora da ƙwarya ya koma gida.

Zaunar da mutane ma karatu ne. Akwai wani Buzu da na taɓa ɗauka ranar kasuwa, dogo, da rawaninsa da takobinsa. Mutumin da ya ratsa hamadar Tenere a kan raƙumi, amma jirgi na motsawa ya kama gefe da hannu biyu ya rufe ido, bai buɗe ba sai da muka dawo. Da ya sauka ya gyara rawani ya ce wa abokansa ba wani abu ba ne. Ni dai da shi mun san juna. Irin wannan ba shi da matsala, mai tsoro yana zaune inda ka ajiye shi. Wanda za ku kiyaya shi ne mushen lakwal, malamin bokon nan da ya karanta labarin teku, shi ne zai miƙe tsaye yana nuna wa mutane tsuntsaye. Sai ƴan mata, in ɗaya ta ɗaga waya duk su takwas sai su karkata gefe guda. Mai nauyi a tsakiya, mai rawar kai kusa da kai inda gora za ta kai gare shi, akuya a ɗaure ƙafa huɗu. Kuma ba a karɓar mutum na tara ko da kawunka ne.

Shekarun nan gari ya buɗe. A wancan lokacin Babbar Sallah tana faɗowa ne tabki na cike, ba kamar yanzu da take zuwa cikin zafi jirgi na kwance a rumfa ba. Washegarin Sallah har daga Tanut da Belbeji ake zuwa. Bayan girbi a yi kokowa a filin mashaya, makaɗa su cika wuri, amare su sa a kai su bagaruwa uku a ɗauke su hoto. Ma'aikata da ƴan kasuwa suka fara yanka filaye a gabashin tabki, abin da kuke kira Sabuwar Unguwa, kowa yana son ƙofarsa ta kalli ruwa. Wani maroƙi ne ya fara ce mini Sarkin Ruwa, na yi masa kyauta, sai sunan ya bi ni. Aka faɗe shi a radiyon gari. Na sayi jar dara. Ban tsaya nan ba, na fara ba da labari a teburin mai shayi yadda na taɓa ƙetare kogi da iyo a Gaya, da akuya a wuyana. Ni da ban taɓa wuce Damagaram ba. Tun ina ƙara gishiri ina jin kunya har na daina ji.

A shekara ta goma sha huɗu da tafiyar Baba Ilo na ce sarki bai kamata ya kwana a ɗakin da ya gada ba. Na kira Ɗan Jimma mai tubali, wanda har yanzu kuke gani da jakunansa, na ce masa ina son tubali na yumɓu tsantsa, ba irin mai rairayi da yake yi wa talakawa ba.

Ya ce, "Sarki, yumɓu mai kyau a ƙasa yake, sai an haƙa da nisa."

Na ce, "To haƙa mana, hannunka ciwo yake?"

Ban tambaye shi inda zai haƙa ba. Rani ya wuce ina tsaye a kan magina da jar dara, ina nuna musu inda taga za ta zauna. Da hadari ya fara haɗuwa mai ɗakina ta ce, "Malam, bana ban ga ka taka tabki ba." Na ce mata tabkin da na taka shekara goma sha tara, ko an rufe mini ido na san shi kamar tafin hannuna, ta ji da tukunyarta. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma a wannan shekarar ni aka ɗaure a jikinsa.

Ruwa ya zo da yawa. Sati uku ina kai mutane bagaruwa uku ina dawowa lafiya lau, don ta wannan gefen ba abin da ya canza. Ana jibi Sallah aka yi wani ruwa da ya cinye hanyar da ke zagayawa Sabuwar Unguwa. Washegarin Sallah da la'asar, bakin tabki ba masaka tsinke, sai ga mata shida da kaya niƙi-niƙi, dangin wata amarya da aka kai can gabas, za su kai mata gara. Kwanonin nakiya da alkaki da dubulan, ga ƙwaryar man shanu. Babbarsu Ya Fanna ce, kakar amaryar, wata Babarbariya da wani tsohon jandarma ya auro daga wajen Gigimi tun kafin a haife ku. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, kullum cikin laffaya. Duk zamanta a garin nan ba ta taɓa shiga jirgina ba.

Kafin ta shiga ta tsaya ta dubi jirgi, ta dubi gora, ta dube ni.

"Ɗana, ka san hanyar gabas?"

Na ce, "Iya, Sarkin Ruwa kike tambaya."

Ta ce, "Na ji sunan. Hanyar na tambaya."

Mutane suka yi dariya, ni ma na taya su. Na zaunar da su yadda ya kamata, kaya a tsakiya, na tura. Maroƙin nan yana bakin ruwa yana zuba kirari, ni kuma ina wani karkata hula. Muka wuce bagaruwa uku. Ruwa yana tsagar ƙugu, daidai yadda na san shi. Daga nan zuwa mafitar gabas ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai tauri, wurin da na fi so, don a nan nake sakin ƙarfi jirgi ya yi gudu mata su yi shewa. Na ɗaga gora sama, na soka ta da duk nauyina.

Babu ƙasa. Gora ta tafi, tsagar ƙugu ta wuce, ta ƙirji ta wuce, hannuna ya bi, ni ma na bi hannuna. Da ka na shiga.

Ba zan ce muku na yi tunanin komai ba. Na buɗe baki in yi salati ruwa ya shiga. Na taka, babu abin takawa. Da na ɓullo sai na ga abin da har yau yake hana ni sakewa in na tuna: mata biyar sun miƙe tsaye suna kururuwa, duk sun yo gefena, bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Babu wadda ta iya iyo a cikinsu, kuma ƙarƙashinsu ramin da ya haɗiye gora ne. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba don kaina kaɗai ba.

Sai na ji muryar Ya Fanna kamar ta jandarma. "Ku zauna! Duk wadda ta sake motsi ni zan jefa ta da hannuna!"

Suka zube. Ya Fanna ta warware laffayarta, ta rage daga ita sai riga da zane da ɗankwali, ta dunƙule gefe ɗaya ta wurgo mini. Ya sauka a fuskata. Na cafke, na fara jan kaina zuwa jirgi, na kai hannu zan kama gefe. Sai ta ɗauki marfin kwanon nakiya ta sauke mini shi a kan yatsu.

"Kada ka taɓa! Kifar da mu za ka yi. Riƙe zane ka ɗaga hanci sama."

"Iya, ban iya ruwa ba!"

"Na gani. Duk gari ma sun gani. Rufe bakinka kada ka shanye tabkin."

Ta ɗaure ɗaya gefen a katakon zama, ta durƙusa a goshin jirgi, ta riƙe marfin nan da hannu biyu ta fara tuƙi da shi, biyu a dama biyu a hagu. Ashe a bakin tafkin Cadi aka haife ta, tun tana ƴar shekara bakwai take tuƙa jirgin ubanta. Shekara da shekaru tana zaune a garin nan tana jin labarin akuyar da na ƙetare kogi da ita, ba ta taɓa tankawa ba. Ta juya jirgi ta nufi mashaya, inda muka fito, inda jama'a suke. Ni kuma ina biye a baya a ƙarshen laffaya kamar ɗan akuyan da za a kai kasuwa, ina ta ihu a taimake ni. Idona a rufe, ban san inda muka kai ba. Can na ji jirgi ya tsaya, sai muryarta a hankali.

"Sarki, miƙe tsaye. Ruwan iya gwiwa ne."

Na miƙe. Gari guda yana kallona, maroƙi ya saki baki. Jar dara kuwa tana can tsakiya tana yawo ita kaɗai, ita ta iya abin da mai ita bai iya ba. Ba wanda ya rasa ransa, ko nakiya ɗaya ba ta jiƙe ba. Wani ya fara dariya daga baya, sai wuri ya ɗauka.

Dariyar ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Wata huɗu ruwa ya ƙara yi a tabki, ko mutum ɗaya bai sake sa ƙafa a jirgina ba. Kullum da safe in kwarfe shi in share, in tsaya da sabuwar gora, mutane su zo su sha shayi su gaishe ni da Sarkin Laffaya su wuce. Aka yi kokowa, aka yi bukukuwa, amare suka koma ɗaukar hoto a tudu. Kuma gaskiyarsu. Ba don ban iya iyo ba suka guje ni, su ma ai ba su iya ba. Sun ba ni matansu da ƴaƴansu ne a kan na san abin da nake yi, na karɓa ina karkata hula. Mai ɗakina ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Da tabki ya ƙafe na je na ga ramin. Tsayin mutum biyu ne, faɗinsa ya ɗauki gida, daidai tsakiyar hanyar gabas. Na tarar da Ɗan Jimma a gindinsa yana kwaɓa, na hau shi da faɗa, wane marar imani ne ya haƙa wannan a hanyar jirgi.

Ya ɗago ya ce, "Sarki, ai da naka muka fara. Da mutanen Sabuwar Unguwa suka ga tubalin ɗakinka, kowa ya ce irinsa yake so."

Wato duk daminar nan a cikin ƙasar ramin nake kwana ban sani ba. Na sauke murya na ce Allah ya ba da kasuwa.

Wannan bazarar ba sau uku na taka tabki ba, kusan kullum ne. Na kewaye ramin da sanduna goma sha biyu, kowace da jan tsumma. Na bi rijiyoyin makiyaya ɗaya bayan ɗaya, na tuge turakun lambu. Na ɗaure bido biyu, wato jarkoki, marasa komai ƙarƙashin katakon zama, na samo shambur, robar iskan nan ta cikin tayar kamyo, na sa kafinta ya sassaƙa mini filafilai na tuƙi, abin da ya kamata in mallaka tun farko. Dugadugaina suka tsattsage kamar ƙasar da nake takawa, har takalmi ya daina shiga. Ban san ko duk wannan zai yi amfani ba. Na riga na yanke cewa in damina ta zo ba wanda ya shiga, zan farfasa jirgi in yi ƙofa da shi, in koma hauya.

Ruwa ya cika. Ranar kasuwa na tura jirgi mashaya na tsaya, ba hula. Tun hantsi har azahar mutane suna bencin mai shayi suna kallona ina kallonsu. Bayan azahar sai ga Ya Fanna tana tafe a hankali, da marfin kwano a hammata. 

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Iya, kafin ki shiga, ban iya ruwa ba. Ban taɓa zuwa Gaya ba. Babu akuya."

Ta ce, "Wannan tsohon labari ne. Bana ka taka?"

"Na taka."

"Ɗaga ƙafarka in gani."

Na ɗaga mata kamar jakin da ake dubawa a kasuwa, ta dama sannan ta hagu. Ta sunkuya ta duba dugadugan da kyau. Sai ta tattare laffaya ta shiga ta zauna a tsakiya, ta ce in kai ta gabas ta ga tattaɓa-kunnenta, amaryar bara ta haihu. Muka wuce bagaruwa uku. Da muka zo jajayen tsummoki na karkata kudu, ina sokawa a hankali, ruwa bai wuce tsagar ƙugu ba. Ta dubi wurin ta ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Ta ce, "To gaishe shi mu wuce." Da muka isa ta miƙo mini marfin, ta ce ita ba ta da sauran buƙatarsa, in ɗaure shi inda zan riƙa ganinsa in ina tsaye da gora. Na karɓa, na yi kamar ina gyara igiya. Da na dawo mashaya na tarar da mata biyu suna jira, da wani mutum da akuyarsa. Ya Fanna ta rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Har yau ban iya iyo ba, kuma duk wanda zai shiga jirgina sai na faɗa masa tukuna. Ku kuwa na san kun iya, ina ganinku kuna tsalle daga reshen bagaruwa. Abin da ya sa nake tsoron ba ku gora ke nan. Iya ruwa fid da kai, haka aka ce, ba a ce fid da mata shida da kwanoninsu ba. Wanda ya san zai fita ba ya damuwa da sanin inda rami yake.

Jiya na hango Ɗan Jimma ya koma kudu da jakunansa, kuma makiyaya sun kwana biyu a bayan bagaruwa. Gobe in an fito sallar asuba ku same ni a mashaya, kowa da takalminsa da jan tsummansa. Wanda ya taka tabki da ni bazara uku, gora tasa ce, ni zan yi masa tsaga da hannuna. Marfin kwano kuwa ba ya cikin gado. Ni na sha ruwa na same shi, kuma roƙona ga Allah kada ɗayanku ya samu irinsa.